Baba Mala da Daɓen Gidan Kowa

Shekara ashirin da bakwai ina shimfiɗa tayil a garin nan, ban taɓa cin karo da daɓe mai muni irin na Gidan Kowa ba. Siminti ne na zamanin da, ya tsattsage, an yi masa faci a kan faci, nan ya tashi, can ya lotsa. Ranar da na fara ganinsa gwiwoyina suka soma ciwo tun ban durƙusa ba.

Ga wanda bai san wurin ba, ɗakin taro ne a wani lungu tsakanin Fagge da Sabon Gari, tafiyar minti goma daga shataletalen Bata idan ba a tsayar da kai da gaisuwa ba. Akwai wani dogon suna na Turanci a allon ƙofa, ban taɓa jin wanda ya kira shi ba. Kowa Gidan Kowa yake cewa. Matan Fagge suna karatun manya a ciki ranar Litinin da Laraba. Masu rigakafi suna zuwa su jera iyaye da jarirai. Teloli suna taronsu, masu sayar da kayan gwari suna nasu. Asabar ta biki ce, ko walima ko liyafar coci, duk wanda ya riga kama rana. Lahadi da yamma kuma ƙungiyoyin Ibo ne, kowane gari da lokacinsa, su yi ta muhawara har muryoyi su dishe, sannan su ci abinci tare kamar ba su ba.

Mai riƙe da makullan wurin shi ne Baba Mala. Dogo ne, siriri, da tsagar Barebari da ta fara ɓacewa cikin tamoji. A Fagge aka haife shi. Kakansa ne ya taho daga Barno da fataucin bandar kifi, ya sauka bai koma ba. Shi Mala ya yi shekara goma sha tara a wata masaƙa a Bompai, ranar da aka rufe ta ya dawo gida da katin aiki da tari. Yana zaune babu abin yi aka ce ana neman wanda zai riƙa buɗe ɗakin taro yana sharewa. Ya ce zai riƙe kafin ya samu wani aikin. Yau shekara talatin da ɗaya ke nan. Matarsa Huseina ta rasu, 'yarsa ɗaya Jawahir tana aure a Rijiyar Lemo, shi kuma yana kwana a wani ɗan ɗaki da ke jikin ƙofar shiga.

Wanda ya kawo ni aikin shi ne sabon shugaban kwamiti, Kenechukwu, mai shagon kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari. Haihuwar unguwar ne, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu 'yan uwana, kuma ba ya barin ta ta huta. Ba mugun mutum ba ne. Irin mutanen nan ne da in suka ga abu ya tsufa sai jikinsu ya riƙa ƙaiƙayi. Ya sa an yi fenti, ya sauya fankoki, sannan ya samo wani attajirin kasuwa ya ba da kyautar farin tayil mai sheƙi. Na kuma ji yana cewa, ba sau ɗaya ba, idan an gama gyara za a duba maganar mai kula da wurin, ko lokaci ya yi da za a samo wanda jininsa ke gudu. Yana faɗa a gaban Baba Mala. Tsohon sai ya ci gaba da shararsa.

Na nemi a rufe min ɗakin na sati biyu. Baba Mala ya ce tun da ya karɓi makulli ba a taɓa rufe wurin sati guda ba, ko lokacin da gari ya rikice kwana huɗu kawai aka yi, kuma a rana ta biyar shi ya buɗe ƙofa ya zauna a bakinta har mutane suka fara leƙowa. Sai aka yanke in yi rabi-rabi. In fara da ɓangaren dandamali, jama'a su yi amfani da ɓangaren ƙofa, in ya bushe mu yi musanya.

Da ya ji sunana Zakka, kuma daga wajen Zariya iyayena suke, sai ya samu abin yi. Kullum da safe sai ya tambaye ni ko bawan Kanawa ya kwana lafiya. Na ce masa mutumin da kakansa ya shigo gari da warin kifi ba shi da bakin shiga wasan Kanawa da Zazzagawa. Ya ce cibiyarsa a Fagge aka binne, in je in tono in gani. Haka muke yi, ina kwaɓa siminti yana shara.

A satin farko na ga yadda yake aiki, kuma ni aiki nake kallo a wurin mutum, ba na sauraron abin da yake faɗa a kan kansa. Kowane taro da irin jerinsa. Matan karatu layi-layi suna fuskantar allo. Ƙungiyoyin Lahadi da'ira, da tebur a sama. Idan 'yan kasuwa biyu suka saɓa aka kawo su sulhu, benci biyu yake ajiyewa suna kallon juna, da tazarar da ya ce ya auna ta da kyau: ana jin magana, amma hannu ba ya kaiwa kunci. Ba ya auna komai da igiya. Takalmansa yake cirewa a bakin ƙofa, ya ɗauko benci a kafaɗa, ya taho yana jan ƙafa a ƙasa, ya dire. Na taɓa bin bayansa da tef ɗin awo don in kama shi da kuskure. Tsakanin benci da benci bambancin bai kai yatsa biyu ba.

Na ɗauka cire takalmin tsabta ce. Akwai kuma wata al'ada ta wurin da ta riƙa ba ni mamaki. Duk wanda ya shigo sai ya faɗi sunansa, ko da kullum yana zuwa. Shugabar matan karatu, Hajiya Kubura, mace mai jiki da murya, tun daga soro za ta ce, "Baba Mala, Kubura ce, an tashi lafiya?" Madam Obiageli, mai sayar da atamfa, wadda ke jagorantar ƙungiyar matan garinsu, ita ma haka. Na ce a raina mutanen nan suna son jin sunansu. Kenechukwu kaɗai ke faɗowa ciki babu sanarwa, yana magana a waya.

Na gama rabin farko ranar Asabar, na bar shi ya sha iska. Ranar Laraba aka buɗe shi, na koma ɓangaren ƙofa na fara fasa wuraren da suka tashi. Baba Mala ya kwashi bencuna ya hau sabon tayil zai jera wa mata. Ina durƙushe ina aikina, ban kula ba sai da na ɗago don in miƙe baya. Layukan sun karkace sun nufi taga. Wani benci ya hau kan hanya. Teburin malama ya yi nesa da allo har sai ta yi tattaki.

Hajiya Kubura ta shigo da sallamarta da sunanta. Ta tsaya ta dubi bencunan. Matan da ke bayanta suka tsaya. Wata ta kai hannu za ta ja benci, Hajiya ta riƙe mata wuyan hannu ta girgiza kai. Haka suka zauna a karkace, suka yi karatun awa biyu suna murɗa wuya. Babu wadda ta motsa ko ƙafar benci. Na ce lallai matan nan akwai ƙiwa.

Bayan sun tafi ya dawo zai kwashe. A nan na gani. Yana tsaye a tsakiyar farin tayil ɗin da benci a kafaɗa, ƙafarsa ta dama tana yawo a ƙasa, gaba, gefe, baya, tana neman abin da babu. Ya ɗan matsa, ta sake nema. Fuskarsa na kallon gaba kamar ba abin da ke faruwa. Na dubi tsohon daɓen da ke ƙarƙashin gwiwata. Ga wata doguwar tsaga ta taso daga bakin ƙofa ta miƙe ta shige ƙarƙashin tayil ɗina. Ga faci mai tudu, ga wani rami kamar tafin hannu. Gefunansu duk sun yi sumul saboda shafar ƙafa.

Na tashi na je gabansa. Na miƙa masa cokalin gini daidai ƙirjinsa, ban yi magana ba. Bai karɓa ba, bai kauce ba. Bai san da shi ba.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me, Bazazzagi?"

"Idon."

Ya sauke bencin a hankali ya zauna a kai. Sannan ya gaya min shekara uku ke nan. Ya je asibitin ido, sun ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe saura da maganin ɗigawa. Yana ɗigawa. Yana ganin hasken ƙofa da na taga, yana ganin mutum kamar inuwa idan ya gifta. Sauran duk ƙafa ce da kunne. Doguwar tsagar nan ita ce hanyarsa daga ƙofa zuwa dandamali. Facin farko layin gaba ne, ramin nan wurin ƙafar teburin ƙungiya. Ya san daɓen kamar yadda na san tafin hannuna, ni kuma na zo na shafe masa rabi cikin kwana shida, ina ma alfahari da yadda ya yi santsi.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun kafin in fara. Ya ce ya faɗa wa wa? Wanda ke neman dalilin karɓar makulli? Jawahir ta daɗe tana roƙonsa ya koma wurinta, ta ma share masa ɗaki. Ya ce ɗakin yana da kyau, da katifa da fanka.

"In na shiga ɗakin nan, Zakka, aikina ya zama jiran a kawo abinci. Nan kuwa ko ban ga mutum ba, ni nake buɗe masa ƙofa."

Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa. Ban yi masa alkawari ba. Ba na yin alkawari, na ga yadda masu yinsa suke ƙarewa. Na ce ya tashi daga kan bencin in taya shi kwashewa, shi ke nan.

A bayan gidana akwai ragowar tayil da nake tarawa, matata ta gaji da yi min magana a kansu. Cikinsu akwai kwali uku na mai kaushi, irin wanda ake sa wa a banɗaki don kada a zame, ruwan ƙasa, mara kyan gani. Washegari na loda su a adaidaita sahu na taho da su. Na kunna injin yanka na tsaga su siri-siri, faɗin yatsa uku.

A ɓangaren da ban rufe ba abin da sauƙi. Na sa Baba Mala ya taka duk alamar da yake amfani da ita yana gaya min aikinta, ina bi da alli ina ɗaukar awo daga bango. Guda goma sha huɗu muka samu. Da na zo shimfiɗa, duk inda alama take sai in sa mai kaushi. Wahalar tana ɓangaren da na riga na gama. Dole na ja igiya daga doguwar tsagar har dandamali, na yanka sabon tayil ɗin da hannuna ya shimfiɗa, na ɓalle, na cusa siraran. Wanda bai taɓa fasa aikinsa mai kyau ba ba zai san yadda abin yake a ƙirji ba. Kwana uku na ƙara a kan aikin, ƙura ta cika min hanci, bayana ya ƙi miƙewa. Tsohon yana tsaye a kaina yana gyara min: a'a, layin mata na biyu ya fi haka matsowa, Bazazzagi ko awo bai iya ba. Idan na sa guda sai ya taka ya ja ƙafa, sannan ya ce to, ba laifi.

An sa ranar Asabar za a yi bikin buɗewa, attajirin da ya ba da tayil zai zo da mutanensa. Kenechukwu ya yi tafiya Legas sayo kaya, bai dawo ba sai ranar Juma'a da safe. Ya shigo yana waya kamar kullum. Maganar ta tsaya masa a baki. Farin daɓe yana sheƙi, ga wani dogon layi ruwan ƙasa ya raba shi biyu, ga gajeru sun gitta nan da can, ga wasu 'yan murabba'ai a warwatse.

Ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce tayil ne. Ya ce ya san tayil ne, wa ya ce in sa? Na ce babu. Ya ce to don me? Na ce ana bukatarsa. Ya yi ta juya tambayar ta kowace fuska, ni kuma ban iya ƙarya ba, ban kuma ga dalilin da zan buɗe cikin wani a gabansa ba, sai na ci gaba da goge siminti. Ya ce mutum ya ba da kaya mai tsada, gobe zai zo ya tarar an yi masa zane kamar filin ƙwallo. Ya ce in cire kafin magariba. Na ce ba zan cire ba. Ya ce zai kawo wani ya cire, kuma zai tabbatar duk kasuwar ta ji irin aikin da nake yi. Wannan ta taɓa ni, don a Sabon Gari da baki ake samun aiki, da baki ake rasa shi. Amma na ce ya kawo.

Bai kawo mai tayil ba, 'yan kwamiti ya kira don su zama shaida. Bayan an sauko daga masallaci Hajiya Kubura ta iso, sai ga Madam Obiageli ta rufe shago ta taho tana fifita da gefen gyale. Ya jawo tebur ya zauna, ya yi musu bayani mai tsawo, yana nuna daɓen yana nuna ni. Ƙofar ɗakin Baba Mala a buɗe take, taku biyar daga inda muke.

Madam Obiageli ba ta bari ya gama ba. Ta tuɓe takalmanta, ta je bakin ƙofa, ta ɗora ƙafa a kan dogon layin. Ta bi shi a hankali har dandamali, kanta a sama, ba ta kallon ƙasa. Ta dawo ta gefe, ta tsaya a kan wani ɗan murabba'i, ta dubi inda teburin ƙungiyarsu yake zama duk Lahadi. Sannan ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

Ta ce, "Ciyaman, a bar shi."

Ya ce a bar shi saboda me? Ta ce saboda ta ce a bar shi. Ya juya wurin Hajiya Kubura, ita kuwa ta samu abin kallo a jikin fanka. Ya fara ɗaga murya, yana cewa shi ba yaro ba ne, in akwai abin da ake ɓoye masa a faɗa, in kuwa babu to yau sai an fasa layukan nan, kuma sunan Zakka ya gama lalacewa a wurinsa.

Sai muka ji ƙarar makullai. Baba Mala ya fito ba takalmi. Ya laluba da ƙafa ya hau dogon layin, ya taho a miƙe kamar mai bin igiya, ya karya a layi na uku, ya tsaya daidai gaban tebur. Ya ajiye zoben makullan a kai.

"Ciyaman, kada a ɓata wa Bazazzagin nan suna. Ni ya yi wa. Ba na gani. Shekara uku ke nan ina cin amanarku."

Sai Hajiya Kubura ta gyara mayafi ta ce, "Huɗu, Baba."

Ya juyo da fuska wajen muryarta.

"Shekara huɗu. Tun ranar walimar saukar 'yan ajinmu, da ka miƙo min buta ka ce in kai wa Kubura."

Madam Obiageli ta kwashe da dariya har tana riƙe tebur, tana yi tana share ido. Ta ce su a ƙungiyarsu doka ce tun tuni: kujeru biyar-biyar ake tarawa a kusurwar hagu, wadda ta bar kujera a hanya ita za ta wanke tukwane ranar taro na gaba. Hajiya ta ce teloli ma sun sani, masu rigakafi sun sani, mai shayin bakin lungu ya sani, shi ya sa yake buga cokali a kofi idan Baba zai wuce. Ta ce ranar Laraba da ta ga bencuna a karkace, ta kwana tana tunanin yadda za a yi, ashe wannan mai fuskar shanun ya riga ya fara.

Kenechukwu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Wato ni kaɗai ne ban sani ba?"

Madam ta ce, "Kai da kake shigowa da magana ka fita da magana, yaushe za ka sani?"

Na ɗauka zai yi fushi ya tashi. Bai tashi ba. Ya zauna yana kallon makullan, ya sa yatsa yana juya su. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauka. Ya tambayi Baba Mala wa ke tayar da janareta idan an ɗauke wuta ana taro. Tsohon ya ce shi ne. Wa ke zuba fetur? Shi ne. Ta yaya yake sanin tanki ya cika? Tsohon ya ce yatsa yake sawa a bakin tankin, in ya ji sanyi ya tsaya. Wani lokaci ma injin bai gama hucewa ba.

Kenechukwu ya dafe kai da hannu biyu. Matan nan da suka shekara huɗu suna tara kujeru biyar-biyar, babu wadda ta taɓa tunanin wannan, na ga haka a fuskarsu. Ni ma da nake jin na yi abin kirki ban yi tunaninsa ba. Ɗaki mai cin mutum ɗari biyu, da ƙofa ɗaya babba, da fetur a hannun wanda ba ya gani. Mai surutun nan shi ne ya hango.

Ya ɗauki zoben. Baba Mala ya ji ƙarar, na ga kafaɗunsa sun sauka. Kenechukwu ya sa farce yana fama da zoben, ya ƙi buɗuwa, ya yi tsaki, ya karɓi ƙusa a hannuna ya ɓanɓare. Ya zare makulli ɗaya, ƙarami, na ɗakin janareta, ya jefa a aljihun rigarsa. Sannan ya zagayo tebur, ya kamo hannun tsohon ya buɗe tafin, ya ɗora masa sauran.

"Kenechukwu ne, Baba. Ga makullanka. Wuta kuma ka bar min, sana'ata ce."

Baba Mala ya lalubi makullan ɗaya bayan ɗaya, ya gane wanda babu. Bai yi godiya ba. Ya ce to, a matsa masa daga kan layi, yana da kujera ɗari da hamsin da zai jera kafin gobe.

Kada a ɗauka ya ji daɗin abin gaba ɗaya. Kwana biyu ba ya amsa gaisuwar Hajiya Kubura sai da ƙyar. Ya ce min shekara huɗu yana taka-tsantsan kamar ɓarawo, ashe duk unguwa na kallonsa suna kauce masa. Na ce to da ya fi son su bar masa kujera a hanya? Ya ce Bazazzagi ba zai gane ba. Wataƙila ban gane ba ɗin. A rana ta uku ta kawo masa ɗanwake, suka shirya.

Ranar buɗewa an yi jawabai, ban tsaya na ji ba, ina waje ina wanke kayan aikina. An ce attajirin ya yaba da zanen ƙasan, har ya aiko a tambaye ni ko zan yi masa irinsa a falo. Na ce a gaya masa gidansa babu mai bukata.

Yanzu duk lokacin da aka ɗauke wuta ana taro, sai a kira Kenechukwu. Zai baro shago ya taho a kan babur yana gumi yana mita, Baba Mala na zaune a bakin ƙofa yana tambayarsa ko jinin ne bai gudu da kyau yau ba. Jawahir ta zo ta ga layukan, ta taka, ta daina maganar ɗakin da ta share, sai dai ta sa an ƙara masa kwan fitila mai haske a bakin ƙofa. Na san idon ba tsayawa zai yi ba, shi ma ya sani. Wata rana zoben nan zai koma hannun wani. Ba bana ba dai.

Ni kan biya ta lungun ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, kafin masu ƙungiya su fara taruwa. Ina isa soro nake cewa Zakka ne. Yakan ce ba sai na faɗa ba, babu mai jan ƙafa irin wannan sai mutumin Zazzau. Makon jiya ya ce min siririn da ke gaban dandamali ya fara motsi, ya ji shi a ɗan yatsansa. Na durƙusa na ƙwanƙwasa, ban ji komai ba. Na sake ƙwanƙwasawa a ɗaya gefen, sai ga shi yana amsawa, alamar akwai kogo a ƙarƙashinsa. Gobe da safe zan je da siminti.